A Sawun Mai Waƙoƙin Babana

Wankan jego ne ya kai ni Amurka. Ɗiyata ta fari, wadda ke aikin jinya a birnin Cleveland na jihar Ohayo, ta sauka lafiya a farkon Nuwamba, aka samu mace, ni kuwa na ɗaura ɗamara na hau jirgi daga Abuja. A jakar hannuna akwai abin da ban taɓa yin tafiya na bar shi ba, wato Littafin Waƙoƙi na marigayi Babana. Bangonsa ya rabu tun ina budurwa, Inna ta ɗinke shi da zare da ƙyallen atamfa. Baba mai bishara ne. Ya shekara fiye da talatin yana zaga ƙauyukan kudancin Katsina a kan keke, duk inda ya sauka shi ne mai wa'azi, shi ne kuma mai ba da waƙa. A gefen kowace waƙa ya rubuta wata lamba da fensir. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane lambobin nan na wani littafin Turanci ne, Sacred Songs and Solos na Ira Sankey, littafi mai waƙoƙi 1,200, wanda mawaƙan majami'unmu ke ce wa SS&S har gobe. A cikinsa ne, a saman shafi da ƙananan haruffa, na fara cin karo da sunan P. P. Bliss. In juya shafi, ga shi. In sake juyawa, ga shi kuma.

Ina ƙarama na ɗauka Baba ne ya ƙago waƙoƙin nan, don a bakinsa na fara jin su, kuma da Hausar gidanmu suke. Ranar da na gane wani Ba'amurke ne ya yi su, wanda ya rasu tun ba a haifi kakana ba, sai na ji kamar an ce mini rijiyar tsakar gidanmu ta maƙwabta ce. Da na koma gida hutu na gaya wa Baba. Ya yi murmushi ya ce, "To, 'yata, ai ruwan da ke cikin rijiyar ma daga sama ya zo. Ki nemo mana labarin mutumin, mu san wanda za mu gode wa Allah dominsa." Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Ban cika aiken ba sai a wannan tafiya, bayan mai aiken ya daɗe da kwanta dama.

Da aka yi arba'in, mai jego ta miƙe, surukina ya ce zai fita da ni in ga gari. Yaron ya daɗe a ƙasar, amma bai yar da kunya ba. Ba ya haɗa ido da ni, ni ma kujerar baya nake shiga. Ya ce, "Mama, ina kuke so mu fara?" Na ce ya kai ni bakin ruwa.

Tafkin Erie sunansa tafki, amma ba ka hango ɗaya gaɓar, can ƙetare Kanada ce. Ni da ban san ruwan da ya wuce madatsar Tiga ba, sai na tsaya ina kallo, iska na yanka fuska kamar aska. Can a bakin mashigar jiragen ruwa akwai hasumiyar fitila a ƙarshen wata doguwar katangar duwatsu. An gina ta bayan zamanin Bliss, amma mashigar ita ce dai. A kan wannan mashiga ce mai wa'azin nan D. L. Moody ya ba da wani labari a cikin wa'azinsa. Wani jirgi ya nufo Cleveland cikin dare da hadari. Babbar fitilar hasumiya tana ci, amma ƙananan fitilun bakin gaɓa, waɗanda matuƙi ke daidaita hanya da su, sun mutu. Matuƙin ya kuskure mashiga, jirgin ya daki duwatsu, rayuka suka salwanta. Moody ya ce Ubangiji zai kula da babbar fitila, namu shi ne kada mu bar ƙananan su mutu. Bliss ya ji wannan labari, ya mai da shi waƙa, wadda ta fito a 1871 da sunan "Let the Lower Lights Be Burning". A tsaye a wurin sai fitilar ƙwai ta Baba ta faɗo mini a rai, wadda yakan rataya a reshen darbejiya idan za a yi addu'ar yamma, don masu dawowa daga gona su san inda aka taru. Ba na jin ya taɓa ganin hasumiyar fitila a rayuwarsa, amma ya san abin da waƙar ke nufi sarai.

Haka Bliss yake aiki. Kunnensa a buɗe yake. Zai ji labari ko wata magana a bakin mai wa'azi, ya koma gida ya zauna da ita, ya fito da kalmomi da murya duka daga hannunsa, abin da ba kowane mai waƙar zamaninsa ya iya ba. Wani fasto ya rufe wa'azinsa da maganar sarki Agaribas ga Bulus a Ayyukan Manzanni 26:28, inda sarkin ya ce saura kaɗan a rinjaye shi, daga nan "Almost Persuaded" ta fito. Wani matashin mai wa'azi daga Ingila, Henry Moorhouse, ya yi mako guda cur a Shikago yana wa'azi a kan Yohanna 3:16 kaɗai, Bliss ya ɗauki kalmar nan ta "dukan wanda" ya gina waƙa a kanta. Ga yaran ajinsa na makarantar Lahadi ya yi waƙar Daniyel, mai cewa a yi ƙarfin hali a tsaya ko da mutum shi kaɗai ne.

Ranar 29 ga Disamba na roƙi surukina ya kai ni Ashtabula. Da gangan na zaɓi ranar. Tafiyar kamar awa ɗaya ce gabas da Cleveland, a kan babbar hanya mai lamba 90 da ke bin gefen tafkin. Sanyi ya hana a fita da jaririya, don haka daga ni sai shi. Dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, ba ka bambance kunya da fili, kuma har muka isa ba mu yi maganar da ta wuce jimla biyar ba.

A Disambar 1876, Bliss da matarsa Lucy sun je garin Rome na jihar Pennsylvania yin Kirsimeti da mahaifiyarsa da dangin matar. Moody kuwa yana tsakiyar babban taron bishara a Shikago, ya aiko su zo, Bliss ya yi waƙa ranar Lahadin ƙarshen shekara. Suka bar 'ya'yansu biyu a hannun dangi, Philip mai shekara 4 da ƙaninsa George, suka kama hanya. A Buffalo suka shiga jirgin ƙasan da ake kira Pacific Express, na kamfanin Lake Shore and Michigan Southern. Tarago 11 ne, kan jirgi biyu ke jan su saboda yawan dusar ƙanƙara, na gaba sunansa Socrates, na biye da shi Columbia. Jirgin ya makara ƙwarai. Ranar Juma'a da daddare, wajen ƙarfe bakwai da rabi, saura kamar mita 300 ya shiga tashar Ashtabula, ya hau gadar ƙarfe da ke kan kogin garin. Direban Socrates ya ji wata ƙara a ƙarƙashinsa, ya ƙara wuta, nasa kan ya haye. Columbia da taragon nan duka suka rufta cikin kwazazzabo mai zurfin kamar mita 21, suka faɗa kan ƙanƙarar kogin. Taragon na katako ne, kowanne da murhun ɗumama fasinja da fitilun mai. Kafin a ce kwabo wuta ta tashi. Cikin mutum kusan 160 da ke jirgin, 92 ne suka rasu, da yawansu sun ƙone har ba a gane su ba. An ruwaito cewa Bliss ya samu ya fito ta taga, da ya ga Lucy ta maƙale a ciki sai ya koma. Abokin aikinsa Manjo Daniel Whittle ya zo daga Shikago ya yi kwanaki yana tonon toka, bai samu ko da alamarsu ba. Shekarun Bliss 38.

Mu mun saba, idan irin wannan ta faru, mu ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne ba mai wuce ranarsa. Amma binciken da aka yi ya nuna hannun mutum a ciki. Attajirin kamfanin, Amasa Stone, shi ya nace a ɗauki tsarin gadar da aka saba yi da katako a zuba shi da ƙarfe zalla, injiniyan da ya yi masa gardama kuwa ya bar aikin. Gadar ta yi shekara 11 tana ɗaukar jirage kafin ta karye. Masu kashe gobara sun iso wurin a daren, amma ba a zuba wa wutar ruwa ba. Makonni kaɗan bayan haka aka tsinci babban injiniyan kamfanin, Charles Collins, a ɗakinsa da harbin bindiga, Stone kuma ya kashe kansa a 1883. Na tuna kwale-kwalen da ke nutsewa da 'yan biki a kogunanmu kowace damina, da yadda muke yin ta'aziyya mu tashi, ba a tambayi kowa komai ba.

Har yau jiragen ƙasa na ratsa wurin, a kan wata gada daban. Mun tsaya daga nesa muna kallon kwazazzabon, itatuwa duk sun zubar da ganye, sai ga jirgin kaya ya zo wucewa, dogo, ba ya ƙarewa. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin takalmina. Ba nisa da wurin akwai asibitin garin. A daren hatsarin babu asibiti ko ɗaya a Ashtabula, a gidajen mutane da masaukai aka kwantar da masu rauni, kuma wannan na cikin abin da ya sa mutanen garin suka tashi suka gina nasu daga baya.

Daga nan muka wuce maƙabartar Chestnut Grove. A kan wani tudu akwai dogon ginshiƙin dutse mai tsini, wanda aka kafa a 1895 don waɗanda aka binne ba a gane su ba. A cikin sunayen da aka sassaƙa akwai na Bliss da matarsa. 'Yan taku kaɗan daga nan ga ɗakin kabarin Collins. Na sa safar hannu na share ƙanƙarar da ta lulluɓe rubutun. Watakila tokarsu na nan ƙarƙashin, watakila kogi ya tafi da ita cikin tafkin.

Ban yi shirin yin waƙa ba. Na buɗe littafin Baba ne kawai, sai hannuna ya kai ni ga wadda muka rera a bakin kabarinsa, wadda Turawa ke kira "It Is Well with My Soul". Kalmominta ba na Bliss ba ne. Wani lauya ne a Shikago, Horatio Spafford, ya rubuta su. Gobarar Shikago ta 1871 ta cinye masa dukiya, sannan a Nuwambar 1873 jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre ya nutse a tekun Atlantika da 'ya'yansa mata huɗu, matarsa kaɗai ta tsira. Bliss ne ya sa wa kalmomin murya a 1876, ya raɗa wa muryar sunan jirgin, ya fara rera ta a gaban taron fastoci a Shikago a watan Nuwamba. Bai cika wata biyu ba bayan haka ya hau gadar nan. Muryar tana farawa a ƙasa, a natse, kamar mai lallashin kansa, sai ta hau a hankali, a korus kuma a rabu biyu, mata su ba da, maza su amsa. Na fara da Hausa, muryata na rawa don sanyi. Da na kai korus, inda maza ke amsawa, sai na ji murya mai kauri a bayana. Surukina ne, ya cire hula yana riƙe da ita a ƙirji. Ashe ya yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa a Kagoro kafin ya fita, ban taɓa sani ba. Muka rera baitocin duka har ƙarshe, ba wanda ya dubi wani. A mota ya ce, "Mama, kun tuna mini da gida." Na ce, "Allah ya yi maka albarka, Baban yarinya."

Akwai abu ɗaya da ya tsira. Adakar kayan Bliss ta bi wani jirgin, ta isa Shikago lafiya. Da aka buɗe ta aka samu rubuce-rubucen waƙoƙin da bai gama ba, ciki har da kalmomin "I Will Sing of My Redeemer", waƙar mai cewa zai raira yabon Mai Fansarsa. Abokinsa James McGranahan ne ya sa mata murya. Kwanaki kaɗan kafin hatsarin Bliss ya rubuta masa wasiƙa yana roƙonsa ya ba da muryarsa ga aikin bishara. McGranahan ya garzayo Ashtabula da ya ji labari, a nan bakin kwazazzabon ya haɗu da Whittle, shi ne kuma ya gaji Bliss a matsayin mawaƙin tarurrukansa.

Sauran hunturun na yi shi a ɗaka, goyo a baya, ina karanta abin da ɗiyata ta aro mini daga laburare. Sai a Afrilu, saura mako biyu in dawo gida, muka ɗunguma mu huɗu zuwa Rome. Wannan ba Rum ta Italiya ba ce, wani ɗan ƙauye ne a arewa maso gabashin Pennsylvania, mutanensa 'yan ɗaruruwa. Mun bi ta birnin Erie, muka shiga kudancin jihar Niyok, tuddai da gonaki da shanu, muka wuce Corning da Elmira, muka gangara Towanda a bakin kogin Susquehanna, inda muka kwana. Da tsaye-tsayen shayar da jaririya tafiyar ta ci mana yini. A hanya ɗiyata ta ce, "Mama, wai me kika gani a mutumin nan har kike bin sa gari-gari?" Sai na ba ta labarinsa daga tushe.

An haifi Philip Paul Bliss ranar 9 ga Yuli, 1838, a wata bukkar gungumen itace a gundumar Clearfield ta Pennsylvania. Ɗan talakawa ne liƙis. Mahaifinsa Isaac mai son waƙa ne da addu'ar gida, mahaifiyarsa Lydia ce ta fara koya masa karatu da Littafi Mai Tsarki. Yana shekara 10, yana tallar kayan lambu ƙafa ba takalmi, ya ji wani sauti daga wani gida da bai taɓa jin irinsa ba. Fiyano ce. Ya bi sautin har ƙofar falo ya tsaya. Da matar gidan ta daina kaɗawa ya roƙe ta ta ƙara, ita kuwa ta kore shi, ta ce ya fita da manyan ƙafafunsa. Duk wanda ya taɓa ɗora tire a ka ya leƙa gidan masu hali ya san wannan kallon. Yana 11 ya bar gida neman na kansa, ƙwadago a gonaki, aikin girki a sansanin masu saran itace, injin tsaga katako, makaranta kuwa sai in an samu sarari. Yana 12 aka karɓe shi a ikkilisiyar Baftis ta Cherry Flats. Da ɗan karatun da ya tsinta ya zama malamin makaranta yana 18, a 1858 kuma aikin koyarwa ya kawo shi Rome, inda ya sauka a gidan iyalin Young, ya auri 'yarsu Lucy ranar 1 ga Yuni, 1859.

Wurin da labarin ya fi taɓa ni shi ne na kakar Lucy. A 1860 aka buɗe kwas na mako shida na koyon kiɗa da waƙa a Geneseo ta jihar Niyok. Bliss ya ga sanarwar, ba shi da kuɗin, ya kwanta yana kuka. Tsohuwar ta tambayi nawa ne, aka ce dala 30. Ta ɗauko wata tsohuwar safa da ta daɗe tana jefa 'yan silalla a ciki, ta zazzage, ta ba shi. Na ce wa ɗiyata, kin ga wannan tsohuwa, ita ce kakarki Inna, da ta kwance haɓar zane ta sayar da akuyarta ta biya mini kuɗin jarrabawa. Daga kwas ɗin nan Bliss ya zama malamin waƙa mai yawo. Ya samu wata tsohuwar goɗiya da yake kira Fanny da ɗan ƙaramin ogan mai famfo da ƙafa, yana bin ƙauyuka yana koya wa manoma waƙa da daddare. In ka cire goɗiyar ka sa keke, Babana ne ke nan, da allonsa na do-re-mi ɗaure a kariya.

A 1864 suka koma Shikago. Ya aika wa kamfanin buga waƙoƙi na Root and Cady wata waƙarsa, ya roƙi a biya shi da sarewa, aka aiko masa, daga baya kuma suka ɗauke shi aiki yana shirya tarurrukan koyon waƙa. Dogo ne mai cikar gemu, da murya mai kauri da ke cika ɗaki. Muryar ce ta haɗa shi da Moody a 1869, ranar da ya shiga wani taronsa da babu mai ba da waƙa, ya ja jama'a daga inda yake zaune. Ya yi shekaru yana shugabantar mawaƙa da makarantar Lahadi a wata babbar majami'a ta Shikago, littattafan waƙoƙinsa na fita kusan kowace shekara, kuɗi ya fara shigowa. Moody bai bar shi ya huta ba, daga Birtaniya ma wasiƙu yake aiko masa. A Maris na 1874, bayan wani taro da suka yi da Whittle a garin Waukegan, ya ajiye aikinsa ya shiga bishara gaba ɗaya. Ribar littafinsa Gospel Songs na wannan shekara, dala 30,000, ya bayar da ita ga aikin. A 1875 shi da Sankey suka fitar da Gospel Hymns and Sacred Songs. Duk aikin bisharar nan tasa bai kai shekara uku ba.

Da safe muka shiga Rome. Titi ɗaya ne mai gidajen katako farare, ga rafi a gefe, ga tuddai sun kewaye. Gidan da ya saya wa iyayensa na nan, an mai da shi wurin tunawa da shi da sauran masu waƙoƙin bishara. Maƙabartar na bakin gari. Dutsen tunawa da shi ya fi duk na wurin tsayi, kuma ba kowa a ƙarƙashinsa. Bayan hatsarin Moody ya yi kira ga yaran makarantun Lahadi su kawo kwabo-kwabo, da wannan baiko na yara aka kafa dutsen a Yulin 1877, aka kuma tallafa wa marayun biyu. A jikinsa an rubuta cewa shi ne mai waƙar "Hold the Fort".

Wannan waƙar ma daga labari ta fito. A 1870, a wani taro a Rockford ta jihar Illinois, Whittle, wanda tsohon soja ne, ya ba da labarin yaƙin basasar Amurka. A Oktobar 1864 an yi wa wata ƙaramar runduna ƙawanya a mashigar Allatoona ta jihar Jojiya, sai aka yi musu alama da tuta daga dutsen Kennesaw, inda Janar Sherman yake, cewa su riƙe wurin, taimako na tafe. Bliss ya mai da saƙon na Almasihu ne ga ikkilisiyarsa. Waƙar ta zaga duniya, har 'yan ƙungiyoyin ƙwadago a Ingila da Amurka suka ara suka sa mata nasu kalmomin. Sankey ya ce Bliss ya taɓa gaya masa ba ya fatan a tuna da shi da wannan kaɗai, don yana ganin ya yi waɗanda suka fi ta. Ni ma ina bayansa. Da ni aka tambaya, da "Hallelujah, What a Saviour" ta 1875 aka rubuta, wadda ya ɗauko daga Ishaya 53, mutum mai baƙin ciki. Baiti biyar ne gajeru, ba korus, kowanne ya ƙare da layi ɗaya, kuma a cikinsu ya bi labarin daga wulaƙancin gicciye har dawowar Mai Ceto. Makonni kafin rasuwarsa ya rera ta ga fursunoni a kurkukun jihar Michigan.

Na sha jin masu ilimin kiɗa, a can da kuma a gida, suna cewa waƙoƙin irin su Bliss ba su da zurfi, murya mai sauƙi ce da korus mai maimaici. Masu wannan magana ba su taɓa tsayawa gaban mata talatin da ba mai iya karatu a cikinsu ba, da littafi ɗaya tak a hannun mai bishara. Bliss ya san irin wannan taro, daga cikinsa ya fito. Ya yi waƙa ce don kunne, wadda za a ji sau biyu a tafi da ita gona. Bahaushe ma ya san haka tun da daɗewa, shi ya sa malamai suka zuba wa'azi a cikin waƙa, almajirai da makafi suka kai shi lungun da littafi bai shiga ba. Shekara 17 bayan hatsarin Ashtabula, a 1893, matasa uku na farkon mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent. Kent mutumin Buffalo ne, garin da Bliss ya shiga jirginsa na ƙarshe, kuma a Bida ya rasu a 1894. Su da waɗanda suka biyo bayansu, har da 'yan mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) da suka sauka Wase a 1904, sun tashi ne a zamanin tarurrukan Moody da Sankey, waƙoƙin da ke bakinsu ke nan, su aka fara juyawa zuwa Hausa.

Juyin bai zo ba tabo ba, wannan ma sai a faɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, muryar da aka yi wa Turanci kuwa ba ruwanta da wannan. Sau da yawa takan ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, ko ta ɗaga inda Bahaushe ke saukewa, har baƙon da ya tsaya a taga ya kasa kama kalmar. Shi ya sa waƙoƙin da 'yan Zumuntar Mata suka ƙaga da kansu, da tulu da caki, suka fi zama daram a baki. Amma matan nan ba su yar da na littafi ba. Sun ja su, sun lanƙwasa, sun sa musu kiɗan tulu, har wata in Bliss ya ji sai ya saurara kafin ya gane tasa ce. Abin da ke damuna shi ne jikokinmu, da yawansu ba su iya ko baiti ɗaya ba sai an haska musu a bango, kuma idan aka ɗauke wuta waƙa ta tsaya.

Ɗiyata ta shimfiɗa mayafi a kan ciyawa ta zauna tana shayarwa, mijinta ya koma mota ɗauko ruwa. Na ɗora littafin Baba a gindin dutsen na ɗan lokaci, iska na kaɗa ƙyallen Inna. Sannan na ɗauke shi, na nemi fensir a jaka, na bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda na san ta mutumin nan ce, a ƙarƙashin lambar da Baba ya rubuta na sa sunansa da shekarunsa, 1838 zuwa 1876. Hannuna bai kai na Baba kyau ba. Ina cikin yi jaririyar ta fara ƙorafi, uwar ta miƙo mini ita ta ce, "Mama, karɓi kishiyarki, ke take nema." Na saɓa ta a kafaɗa ina jijjigawa, na rera mata wadda Bliss ya yi wa yara, mai murnar cewa Yesu yana ƙaunar har da ni, wadda da ita Baba ke sa mu barci a kan tabarma a tsakar gida. Kafin in kai baiti na biyu ta yi shiru. Surukina ya tsaya daga nesa da gorar ruwa a hannu har na gama, sannan ya matso ya ce, "Mama, in mun tashi yanzu za mu isa gida kafin dare."